Ledar Kujerar Gaba

Mijin yayata mutumin kirki ne. Na fara da wannan don kada wani ya ce na zo cin zarafinsa, domin abin da zai biyo baya ba duka ne yabo ba. Bi-Sannu ake kiransa a unguwa, har jikokinsa in ka tambaye su sunansa na gaskiya sai sun ɗan yi jim. Direba ne. Manajan wani kamfanin rarraba magunguna yake tuƙawa, kuma a kan kujerar nan ya yi furfura. Manajoji suka yi ta zuwa suna tafiya, motoci suka yi ta sauyawa, shi yana nan daram da farar rigarsa da tsumman goge gilashi a aljihun baya. Ni kuwa Rediyo yake ce mini, wai tun ranar da ya zo neman auren Yaya aka kunna ni, har yau ba a samu mai kashewa ba.

Aikin ya bar masa wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Ba ya kallon mutum kai tsaye. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana magana da mutane ta madubin mota, idonsa ya riga ya saba. Ko a falo kuke, kana zaune a gabansa, in ka yi masa magana sai ya ɗan ɗaga ido sama gefe guda, kamar a can ya ajiye ka. Na sha ce masa, "Mijin Yaya, ga ni nan fa, ba a silin nake ba." Sai ya yi dariya ya ce sabo ne.

Akwai labarin da duk danginmu sun sani. Lokacin Auta, ƙaramar 'yarsu, tana goye, zazzaɓi ya kama ta, Yaya ta kai ta asibiti. Fitowarsu ke nan ruwa ya tsinke, ga ba motar haya. Tana tsaye bakin titi sai ga motar manaja, ba kowa a ciki sai Bi-Sannu, ya sauke mai gidansa a wani taro yana komawa ofis. Ya tsaya, ya fito, ya miƙa mata lemarsa, shi ya tsaya cikin ruwan har ya tare musu tasi, ya biya, ya rufe musu ƙofa. Sannan ya shimfiɗa jarida a kujerarsa don kada ya jiƙa ta, ya ja motar da ba kowa a ciki ya tafi. Da aka tambaye shi, cewa ya yi, "Ba tawa ba ce. Amana ce."

Ni ce na yi ta masifa kamar ni aka bari a ruwan. Yaya kuwa tsintsiya ta ɗauka. Ita haka Allah ya yi ta, in abu ya dame ta sai ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share.

Abu ɗaya dai na san tana so a duniya, kuma shi ya sa mata son. Akwai wani wurin shaƙatawa a kan tsauni, tafiyar rabin yini daga gari, inda yake kai manaja da baƙinsa. In ya dawo sai ya zauna yana cire takalmi yana ba ta labari: yadda hanya ke nannaɗe dutsen, yadda iska ke sauyawa tun kafin a kai sama, yadda in ka tsaya a bakin shingen ƙarfe za ka hango tafki a ƙasa, shuɗi shar, da 'yan kwale-kwale a kai kamar ɓawon gyaɗa. Kullum da magana ɗaya yake rufewa: "Ranar da na yi mota, ni da kaina zan kai ki." Yaya ta haddace wurin nan kamar a can aka haife ta. Ta taɓa ce mini, muna wanke-wanke, "Ni fa ba tafkin kaɗai ba. So nake in gan shi yana tuƙi, ina gefensa, muna hira. Kowa ya ce ya iya, ni ban taɓa gani ba."

Bai yi motar ba. Kuɗin makarantar yara ya cinye ta tun tana mafarki. Ranar da ya ajiye aiki aka yi masa ɗan biki a ofis, aka ba shi agogon bango, manajan lokacin ya tashi ya ce, "Duk motar da bawan Allahn nan ya riƙe, in ya mayar, sai ka rantse ba a taɓa hawanta ba." Aka yi tafi. Maganar nan ta fi masa agogon daɗi, ya yi ta maimaita ta har muka gaji.

Auta ce ta ɗauko zancen mota. Ta zama ma'aikaciyar jinya, albashinta ba zai sayi sabuwa ba, tsohuwa kuma ta ce ba za ta ɗora wa mahaifinta zaryar gareji ba. Sai ta gano wani kamfani da ke ba da hayar dogon lokaci: ka riƙe sabuwar mota shekara biyu, ana cirewa a albashi wata-wata, gyara nasu ne, in lokaci ya cika ka mayar musu da abarsu. Ta zauna ta yi tunani sosai kafin ta zaɓa. Gwiwoyin Yaya sun fara ba ta wahala, ƙaramar mota sai an durƙusa a shiga, babbar jif kuma sai an yi hawa. Sai ta zaɓi irin 'yan tsaka-tsakin nan, masu ɗan tudu, waɗanda mutum zai juya kawai ya zauna. Da na gan ta na ce wannan ai jif ce da ba ta gama girma ba.

Mu huɗu muka je filin kamfanin, ni da shi da Yaya da Auta. Wani mai sanƙo da ƙaramar kwamfuta a hannu ya tarbe mu, ya fara zuba bayani. Bi-Sannu bai ko saurare shi ba. Ya zagaya motar hannunsa a baya, ya danna kowace kusurwa ya saki ya ga yadda take dawowa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya buɗe ƙofa ya rufe yana kasa kunne. Sannan ya juya ya ce a ba shi kofi cike da ruwa.

Mai sanƙo ya zaci ƙishirwa ce. Aka kawo. Bi-Sannu ya buɗe ƙofar baya ya ce, "Rediyo, shiga nan ki riƙe. Kada ki sha, kada ki tare da hannu."

Na ce, "Ni ka mayar abin gwaji?"

Ya ce, "Manajana na biyu a mota yake shan shayinsa, ban taɓa ɗiga masa a riga ba. Motar da ba za a sha shayi a bayanta ba, ba mota ba ce."

Muka fita, mai sanƙo a gaba, ni a baya da kofina. Gaskiya a faɗe ta, ranar na ga tuƙi. Ban san lokacin da muka tashi ba, ban san lokacin da muka tsaya ba. Yana tafe yana gunaguni shi kaɗai, kamar mai duba jarrabawa. Sitiyari ba nauyi, ya ce, da yatsa biyu ma za a juya. Mutum yana ganin hanya daga sama, wannan ya yi. Muka hau tudun rage gudu, ya kasa kunne, cikinta bai taɓa ƙasa ba, ya gyaɗa kai. Ya shiga wani lungu da ni ko da ƙafa sai na yi tunani, ya juya ta a ciki ba tare da ya ja da baya ba, har na ga murmushi ya kusa kufce masa. Da muka zo hawa ya ɗan taka totur, injin ya yi kuka kafin ya amsa, ya ce, "Ƙaramin yaro ne aka sa wa rigar babansa." Sannan da gangan ya saki kwalta ya bi wata hanya mai gargada ta bayan kasuwa. Nan fa bayan motar ya fara tsalle. Gwiwata na dukan kujerar gaba, kaina na neman rufi, ruwan nan kuwa ya ƙare tas a cinyata.

Muka dawo na fito kamar wadda ta yi abin kunya. Shi ko a jikinsa. Ya tsaya ya yanke hukunci: "Gabanta lafiya lau, ba abin da zan ce. Ba za ta sha mai ba. Amma ba ta da baya. Matsattse ne, ga tauri. Ba ta ci kuɗinta ba."

Auta ta ce, "Baba, to wa zai zauna a bayan? Ku biyu ne fa."

Ya ce, "Mahaifiyarki mana."

Muka yi dariya, ni da Auta. Wallahi mun zaci wasa yake.

Ya yarda a ɗauka ne kawai don kada ya kunyata 'yarsa. Amma kafin a ba da makulli, mai sanƙo ya yi bayanin sharuɗɗa: akwai iyakar kilomita da aka yanka na shekara biyun, in aka wuce za a biya ƙari, in an sami ƙarzuwa ko tabo a kujera shi ma haka. Ina kallon fuskar Bi-Sannu lokacin. Kafaɗunsa suka miƙe, ya gyara wuyan riga. Mutumin da ya shigo filin nan a matsayin uban mai haya, ya fita a matsayin direba ya koma bakin aiki. Auta ta ce masa kilomitan suna da yawa, ko kullum zai zagaya gari ba zai cinye ba. Ya ce, "Na ji. Amma ba tamu ba ce."

Fitarsu ta farko ina nan. Yaya ta ci kwalliya, ta sa turaren da take ɓoyo, ta riga shi isa wurin motar. Hannunta har ya kai kan murfin gaba. Sai ga shi da sauri ya zagayo, ya buɗe ƙofar baya, ya ɗan rusuna, ya ce, "Ranki ya daɗe." Fuskarsa kamar an ba shi kyautar gari. Yaya ta janye hannunta a hankali, ta tattara zaninta, ta shiga baya. Kujerar gaba tana nan da ledarta ta kamfani, ba a cire ba. Suka tafi yana mata hira ta madubi.

Ban iya haƙuri ba, ba halina ba ne. Washegari na same shi yana wanke taya da tsohon buroshin haƙori.

Na ce, "Mijin Yaya, matarka ce ko manajarka? Me ya hana ta zama a gaba?"

Ya ajiye buroshin. Ya ce, "Gaba wurin masinja ne da ɗan rakiya. Rediyo, tun ina saurayi nake buɗe wa matan wasu ƙofar baya. Ina buɗewa ina cewa a raina, ina ma tawa ce. Yau Allah ya nuna mini, sai ki ce in ɗauke ta in sa ta a kujerar masinja?"

Na koma wurin Yaya na ce to ita ta buɗe baki ta gaya masa. Ta ce, "Ba ki ga fuskarsa ba in ya buɗe ƙofar? Ba zan iya ba. Ki bari dai mu tashi tafiyar tafkin. Hanyar doguwa ce, in mun fita gari sai in ce gwiwata ta ƙage, in koma gaba. Daga nan shi ke nan."

Saboda haka komai ya koma kan tafiyar tafkin, tafiyar kuwa ta ƙi zuwa. Da farko ya ce a bari inji ya saba. Da inji ya saba, damina ta shigo, ya ce hanyar dutse da santsi ba a kai amanar mutane. Da ruwa ya ɗauke, ya ji labari ana gyaran hanyar, an zuba tsakuwa, ya ce tsakuwa za ta feffere fenti. Bayan nan sai ya koma kan kilomita. Ya ce a tara, kada a ci na gaba, in an kusa mayarwa sai a ga abin da ya rage a tafi hankali kwance. Asibiti yake kai Yaya, da kasuwa, da gidan gaisuwa in ya kama dole. In wuri kusa ne, da ƙafa yake zuwa ya bar motar a lulluɓe da tamfol. Kullum da safe sai ya wanke ta, ko ba ta je ko'ina ba. Na ce masa wata rana fentin zai bi ruwa, ba tsakuwa ba.

A hankali kuma ya fara son motar, ko da yake ba zai furta ba. A bencin da suke zama da tsofaffin abokan aikinsa, in an tsokane shi da 'yar jif, sai ya ce, "Ku bar ta. Ba ta taɓa ƙin tashi ba. Ramin da motar manaja za ta tsaya tana tunani, ita ta wuce." Sai ya ƙara da cewa, "Bayan nan ne dai. Da sun gyara bayan, da ba ta da na biyu." Yaya kuwa ta ci gaba da lanƙwasa gwiwoyinta a bayan nan, in sun dawo ta shafa man zafi.

Abin ya fara ne da ƙofar gida. Wata yamma yana shigowa, madubin gefe ya ɗan taɓa ginshiƙi. Ko alama bai bari ba, amma Bi-Sannu ya fito ya daɗe tsaye yana kallon ginshiƙin, kamar shi ne ya matso. Daga nan ya daina fita in rana ta yi sanyi. Ya fara ce wa Yaya ta karanta masa allon hanya, wai rubutun yanzu ƙanana suke yi. Mu duka muka ga wannan, muka ce tabarau ne, za a sauya.

Rannan suna dawowa daga kasuwa, a wata mahaɗa, wani mai keke ya fito ta gefe. Yaya ta gan shi tun daga nesa. Bi-Sannu bai gan shi ba sai da ya zo gaban motar. Ya taka birki, Allah ya kiyaye, mai keke ya yi zaginsa ya wuce. Shi kuwa ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya zare makulli. Ya ce wa Yaya ta kira Auta ta zo ta kai su gida. Da Auta ta iso ya sa mata makullin a hannu, ya ce, "Ba a tuƙa mutane da rabin ido."

Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar daga gefe ba a sani ba. Za a yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage, amma wanda ya tafi ya tafi. Abin da ya rage ɗin ma bai tsaya ba. Kafin lokacin mayar da mota ya zo, mutum in ya tsaya gabansa inuwa kawai yake gani, sai ya ji murya ya san ko waye. Motar tana nan ƙarƙashin tamfol, da kilomitanta da aka yi ta tarawa, ko rabi ba a ci ba. Duk da haka da safe sai ya laluba ya fita da tsummansa ya goge ta.

Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa kaina, amma haushin bai tafi ba.

Ana saura mako a mayar, Auta ta ɗauki hutu ta ce ko ana ha maza ha mata sai an je tafkin nan. Muka fito da safe. Yaya ta kamo hannunsa har wurin motar, ta buɗe ƙofar baya, ta ce, "Ranka ya daɗe." Ya tsaya jim. Duk motocin da ya tuƙa a rayuwarsa, bai taɓa zama a wannan kusurwar ba. Ya sunkuya ya shiga. Na ce, "Yaya, to zo ga gaba, yau dai ba mai hana ki." Ta girgiza kai, ta zagaya ta shiga kusa da shi. Ta ce, "Ba kujerar nake so ba." Ni na zauna a gaba, leda tana ta ƙara a ƙarƙashina duk motsin da na yi.

Da ka ya san hanyar. Idonsa a rufe, amma sai ka ji ya ce, "Auta, rage, akwai gada a gaba," kuma sai ga gadar. Ƙafarsa ta dama tana ta taka birkin da babu. Da muka fara hawa, injin ya yi kukan nan nasa, ya ce, "Kada ki matsa masa, zai kai." Sai muka shiga wani wuri da kwalta ta farfashe, bayan motar ya fara abin da ya saba. Na ji gwiwarsa ta daki bayan kujerar Auta, ta sake duka. Ya gyara zama, bai sami inda zai sa ƙafa ba.

Can ya ce, "Haka kike zama a nan?"

Yaya ta ce, "Haka."

"Da gwiwar taki?"

"Da ita."

"Ni da bakina na ce ba ta da baya, kuma na ɗauke ki na sa a ciki. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Ka ce wurin girma ne."

A haka muka kai sama.

Wurin ajiye motoci fili ne mai tsakuwa, da wata babbar bishiya a gefe. Ya tambaya ko bishiyar tana nan, aka ce tana nan. Ya ce, "A ƙarƙashinta nake ajiyewa, saboda rana. Ku bi matakalar can, ba ta da yawa. An ce da kun kai shingen za ku hango ruwan."

Yaya ta juyo. Ta ce, "An ce?"

Ya ɗaga ido sama gefe guda, inda madubi ya kamata ya kasance. Ya ce, "Ni ban taɓa hawa ba. Wa zan bar wa motar? In sun sauko suna hira a baya, ina ji. Abin da na ji shi nake kawo miki."

Na buɗe baki, Auta ta mintsine ni a cinya. Yaya ta fita, ta zagaya, ta kamo shi. Suka hau matakalar nan, ita da gwiwa, shi da ido, ban san wa ke riƙe da wa ba. Muna biye da su a baya. Da suka kai shingen ta ɗora hannunsa a kan ƙarfen. Iska kuwa gaskiya ne, ta bambanta.

Ya ce, "Akwai kwale-kwalen?"

Ta ce, "Akwai. Ƙanana, kamar yadda ka ce."

"Ruwan fa? Shuɗi ne?"

Ruwan ba shuɗi ba ne. Ranar akwai gajimare, launinsa kamar na tsohon kwano. Yaya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Shuɗi shar." Ni da ake ce wa Rediyo, ranar ban yi ko tari ba.

Ranar mayarwa Bi-Sannu ya ce sai ya je, wai shi ya karɓa, shi zai miƙa. Mai sanƙon nan ne dai. Ya zagaya motar da kwamfutarsa, ya shafa fenti, ya leƙa ƙarƙashi, ya duba kilomita ya sake dubawa. Ya buɗe gaba ya ga leda. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai ne mutum na farko da ya dawo mana da mota haka. Wallahi sai ka rantse ba a taɓa hawanta ba."

Bi-Sannu bai ce na gode ba. Ya sunkuyar da kai, yana murza makullin a hannu.

Yaya ta ce, "Ɗana, ka ɗan yi mana haƙuri kaɗan."

Ta kama hannun mijinta ta kai shi ƙofar direba, ta buɗe, ya laluba ya zauna. Hannayensa suka hau sitiyari da kansu. Ta zagayo ɗaya gefen, ta sa farce ta yage ledar nan tun daga sama har ƙasa, ta dunƙule ta miƙo mini. Ta juya ta zauna, ba durƙuso, ba hawa, kamar yadda Auta ta lissafa tun farko. Ta ja ƙofa ta rufe. Gilashin a sauke yake, muna jin su.

Ya ce, "Ya kika ji ta?"

Ta miƙe ƙafafunta har ƙarshe. Ta ce, "Akwai wuri. Da daɗi."

Ya ɗaga hannu zai gyara madubi, sai ya fasa. Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajenta, ya tsaya a haka, yana neman ta a inda take. Motar a kashe, a tsakiyar filin kamfani, makulli a cinyarsa. Mai sanƙo ya dubi agogonsa, ya dube ni, na ce masa ya jira.